Saitin Kamfani: Ɗan Koyo Za A Duba Ko Gwani?

Mai Gyara: Assalamu alaikum ƴan zaure. Yau da tsokana na tashi, kuma na san za a yi mini ca. Ni dai a ganina masu ƙera babbar manhajar da ke tafiyar da waya da kwamfuta, Windows ce, Android ce, sun cuci mutane da wannan sauƙin da suke taƙama da shi. Saitin da na'ura ke zuwa da shi daga kamfani, wanda kake tararwa ranar da ka fara kunna ta, don wanda bai san komai ba aka yi shi. Duk abin da ke da amfani an tura shi can ƙarƙashi. Wanda bai sani ba ya zauna cikin rashin saninsa, wanda ya sani kuma ya wuni yana tonon abin da aka binne. Ni na ce a bar komai a fili, mai koyo ya koya.

Malama: Wa alaikumus salam. Ko shayi ba ka sha ba ka fara? To ba mu misali ɗaya tak, mu san inda za mu kama.

Mai Gyara: Ga shi kuwa, Malama. Kowane fayil yana da wutsiya a ƙarshen sunansa, .pdf ko .docx ko .exe, ita ce ke nuna maka takarda ce ko kuwa manhaja ce mai iya tashi ta yi aiki da kanta. Tun daga Windows 95 ake ɓoye wannan wutsiya, wai kada ta rikita sabon shiga, kuma har Windows 11 ba a daina ba. A watan Mayu na 2000 wata cutar kwamfuta ta ɓullo daga Manila, ƙasar Filifin, tana zuwa ta imel a matsayin wasiƙar soyayya. Sunan fayil ɗin ya ƙare da .TXT.vbs. Sai aka ɓoye .vbs ɗin, mutane suka ga .TXT suka ɗauka rubutu ne zalla, suka buɗe. Miliyoyin kwamfutoci suka kamu cikin ƴan kwanaki. To wa ɓoyewar ta kare?

Mai Sakatariya: A nan ina bayanka, Yaya. Ni a shagona a Sabon Gari ba na taɓa bari kwamfuta ta fara aiki sai na bayyanar da wutsiyar fayil da kuma ɓoyayyun fayiloli. Lokacin da ɗalibai ke kawo memuwar ɗinsu, wato kundin kammala karatu, a buga, za ka ga yarinya ta shigo da kilen USB hannunta na rawa, ta ce aikinta na shekara ya ɓace, ba komai a ciki sai wasu alamomi masu ƴar kibiya a gindi. Wannan cutar ta rakursi ce, wato gajeriyar hanyar buɗe fayil, alamar nan mai ƴar kibiya. Ba ta goge komai ba, ɓoye takardun ta yi, ta ajiye na bogi masu sunansu, kana dannawa tana ƙara yaɗuwa. Da na kunna nuna ɓoyayyu sai ga babi na ɗaya har na ƙarshe a zaune. Da a ce na'urar ba ta saba ɓoye wa mai ita abubuwa ba, da yarinyar da kanta za ta gani.

Malama: Na ji ku duka biyun, kuma ban musa ko ɗaya ba. Amma ku duba abin da kuka tabbatar. Kun tabbatar da cewa ɓoye wutsiyar fayil mummunan saiti ne, kuma ɗan koyon ya fi kowa shan wahalarsa. Ba ku tabbatar da cewa a yi saiti don gwani ba. Maganganu biyu ne daban.

Ku zo ajina ranar da yara suka fara zama gaban kwamfuta. Wata za ta ɗaga linzami sama tana jujjuya shi a iska. Wani zai danne maɓalli ɗaya ya ƙi sakewa har harafi ya cika shafi. Waɗannan nake so ku riƙe a zuciya, domin su ne mafi yawa, a Damagaram da ko'ina. Kai Malam, in ka tarar da saitin da bai yi maka ba, ka san sunansa, ka san inda yake, kafin shayinka ya huce ka canza. Yarinyar nan ba ta ma san akwai abin da ake canzawa ba. Abin da ta tarar, da shi za ta zauna har na'urar ta mutu. Mu nan mun san rijiya: murfi ake sa mata. Mai jan ruwa ya ɗaga murfin ya ja abinsa, ba a rage masa komai ba sai ƴar sunkuyawa. Ba a barin ta a buɗe a ce yaro ya koyi hankali.

Ɗan Jami'a: Amma Malama, ai haka ake koyo. Ni sai da na lalata kwamfutar yayana kafin na san abin da nake yi.

Malama: Yayanka ya yarda da wannan manhajar karatun?

Injiniya: Ina gaisuwa daga Yamai. Bari in sa baki ta ɓangaren tsaro, tunda shi nake ci da shi. An riga an gwada abin da Mai Gyara ke nema, ba sabon ra'ayi ba ne. Windows XP ta fito a 2001 da katangar tsaro mai tare kutse ta intanet a cikinta, amma a kashe, wanda ya sani ya kunna. Mutum nawa suka kunna? A watan Agusta na 2003 cutar Blaster ta zo, a 2004 Sasser ta biyo, kuma waɗannan ba sai ka danna komai ba, haɗa kwamfutar da intanet kaɗai ya isa. Sai da babban gyaran da ake kira Service Pack 2 ya fito a 2004 aka mayar da katangar a kunne tun daga farko. Haka batun kilen USB. A da, da ka soka shi Windows na iya tayar da abin da ke ciki da kanta, cututtuka irin su Conficker ta 2008 suka samu hanya. A Windows 7, 2009, aka toshe wannan, a Fabrairu na 2011 kuma aka tura toshewar ga XP da Vista.

Sai babbar, WannaCry, Mayu na 2017. Ta shiga ƙasashe sama da 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Maganinta kuwa tun watan Maris aka fitar da shi. Waɗanda suka kamu, galibi waɗanda ba su yi mizajur ba ne, wato ba su sabunta manhajarsu da gyaran da kamfani ya turo ba. Kuma ku lura, kwamfutar da ta kamu ba mai ita kaɗai take cuta ba, ita ce ke harbin ta maƙwabci. Saboda haka gwanin ma yana cin ribar murfin da aka sa don ɗan koyo.

Ɗan Jami'a: Duk wannan matsalar masu Windows ce. Mu a Linux, wata babbar manhajar kwamfuta mai iri daban-daban, kowa da gidansa. Kana son komai a hannunka, ga Arch, tun 2002 take, za ta ajiye ka gaban baƙin allo ta ce bismillah, kai za ka zaɓi kowane abu da za a zuba. Kana son sauƙi, ga Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, ko Linux Mint. Ba wanda ya tilasta wa wani.

Injiniya: Ƙanena, Ubuntun da ka ambata shaidar Malama ce. Tun fitowarta ta kulle asusun mai cikakken iko, sai ka rubuta sudo ka sa kalmar sirri kafin ka taɓa abu mai haɗari. Wannan murfi ne. Kuma da irin wannan ta samu mutanen da tsofaffin Linux ba su samu ba.

Baba Mai Ritaya: Ina kwananku yara. Ina karantawa ina murmushi. Wannan baƙin allon da ɗana ke yabo, ni a kansa na yi aiki, bayan na bar tafireta. MS-DOS ake ce masa. Komai a fili yake kamar yadda Mai Gyara ke so. Ka rubuta umarni ya bi, ka yi kuskuren harafi ya bi kuskuren. Kwandon sharar nan da kuke ciro abin da kuka goge, sai a Windows 95 muka gan shi. Kafin nan in takarda ta tafi, sai ka nemo wanda ya fi ka, in an dace.

To ku tambaye ni, mai koyo ya koya? Bai koya ba. Gudu ya yi. A ofishinmu manya masu digiri ba sa kusantar na'urar, a rubuce da biro suke kawo mini, su tsaya a kaina suna jira. Mu ƴan kaɗan da muka iya muka zama sarakuna, kuma ba zan ɓoye muku ba, sarautar da daɗi. Shi ya sa in na ji gwani na cewa a bar abu da wuyarsa, nakan duba ko kujerarsa yake karewa.

Mai Gyara: Haba Baba, Allah ya ja kwana, ni aka nufa ke nan.

Baba Mai Ritaya: Ban kama suna ba.

Mai Gyara: To na karɓi murfin Malama. Amma yanzu ba murfi suke sawa ba, kwaɗo suke sawa su tafi da makulli. Windows 11 ta gida, ranar farko sai ta nemi intanet da asusun Microsoft kafin ta bar ka ka wuce, kuma hanyoyin da muke bi mu kauce ana ta toshe su ɗaya bayan ɗaya. Daga fitowar zubinta na 24H2 a 2024, in an zuba ta sabuwa aka shiga da asusu, a kwamfutoci da dama kulle diski take yi da kanta ta ajiye makullin, lambobi 48, a cikin asusun. In allon uwa, babban allon da ke cikin kwamfutar, ya ƙone, da can ciro diskin muke yi mu kwashe wa mutum takardunsa. Yanzu ba makulli, ba takardu. Waya ma haka: tun Android 5.1 a 2015, in aka goge waya ta ƙarfi sai ta nemi asusun Google na farko. Don maganin ɓarawo aka yi, na sani. Amma ku zo Kasuwar Dole ku ga su wa ke zaune kan bencina saboda wannan. Masu wayar ne da kansu, da kwalinta da rasit, ba su san imel ɗinsu ba. Wannan saitin ɗan koyo ne? Ɗan koyon ne a kulle a waje.

Hajiya (saƙon murya, ɗiyarta ta rubuta): Salamu alaikum. Ni ce ƴar koyon da kuke ta magana a kaina kamar ba na nan. Ni dai turare da atamfa nake sayarwa, da wayar nan nake tura wa mata hotuna su zaɓa. Ba wanda ya tambaye ni, amma zan faɗa. Na farko, wayar da Faransanci take magana, ni kuwa ban shiga lakwal ba. In ta fito da tambaya, wanda ya fi haske nake dannawa. Na biyu, in na sa forfe da safe, kafin azahar an ce ya ƙare, ban kalli komai ba. Ɗiyata ta ce wai wayar ce ke ɗauko abubuwa da kanta. Wa ya aike ta? Na uku, akwai ranar da na ciro ta daga jaka sai ta fara magana, duk abin da na taɓa sai ta faɗi sunansa ta ƙi buɗewa. Wallahi ayatul kursiyyu na karanta. Jaka guda na biya aka yi mata shiru. In wannan ne sauƙin da aka yi don mu, to ba mu gan shi ba.

Mai Gyara: Hajiya, ba aljani ba ne. Mai karanta wa makafi allo ne ya kunnu. A wayoyi da yawa in aka danne maɓallan ƙara da rage murya tare na daƙiƙa uku sai ya tashi, kuma haka ake kashe shi. In ya sake, ki yi haka, ki riƙe jakarki.

Hajiya: Ka ji! Me ya hana wanda na kai wa ya gaya mini?

Malama: Hajiya ta gama da mu duka. Ni da na tsaya wa ɗan koyo, dole in ƙara tambaya: wane ɗan koyo? Wanda injiniyoyin Amurka ke gani a ransu yana da wifi a gida wanda ba a ƙirga masa mega, wutarsa ba ta ɗaukewa, yana karanta harshen da ke kan allo, yana da imel tun yana yaro, kuma wayarsa tasa ce shi kaɗai. Namu kuwa forfen kwana ɗaya yake saye, waya ɗaya ce tsakanin uwa da ƴaƴa, imel kuma wani ne ya buɗe masa. Ku ɗauki mizajur da Injiniya ya yaba. Windows in ta ga wifi, galibi ɗaukarsa take mara iyaka sai an gaya mata akasin haka. Mu kuwa wifin namu daga wayar aljihu muke raba shi. Saitin da zai hana ta kwasa yana nan, na rage cin mega a Android ma yana nan tun 2016, amma sai ka je ka kunna. Wa zai je? Gwani. Abin da talaka ya fi buƙata shi aka ajiye wa gwani.

Ga kuma rubutu. Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar a hukumance. Amma ka kunna sabuwar waya ka rubuta Hausa, mai gyaran rubutu na Faransanci zai riƙa sauya maka kalmomi har ka tura wa surukinka abin da ba ka faɗa ba. Madannan Hausa masu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ akwai su, a Gboard, madannan waya na Google, da Windows duka, amma sai wanda ya san hanya.

Mai Sakatariya: Ga namu na kwamfuta kuma. Tsofaffin kwamfutocin da ke shigowa ta Kano madannansu na Ingilishi ne, a zuba musu Windows ta Faransanci, ka danna Q ya fito A, ka danna A ya fito Q. Yaro ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Injiniya: Akwai na ukun da ba mu ambata ba, kuma shi ne ya fi cin saiti: kamfanin kansa. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, an bayyana a kotu cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama shi ne mai binciken intanet da za ka tarar a waya da burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Apple kaɗai ya karɓi dala biliyan 20 a 2022. A watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya riƙe kasuwar ta haramtacciyar hanya. Canza mai bincike danna kaɗan ne. Me zai sa a biya wannan dukiya a kan abin da ake canzawa da danna kaɗan? Don sun san mutane ba sa canzawa. A Turai ma an taɓa cin Microsoft tarar Yuro miliyan 561 a 2013 saboda ya daina nuna wa mutane allon zaɓen burauza da ya yi alƙawari. Saboda haka in an ce maka an yi abu don sauƙinka, duba ko tallace-tallace da manhajojin da ba ka nema ba, waɗanda ba sa goguwa, su ma don sauƙinka ne.

Ɗan Jami'a: To mafita mai sauƙi ce. Ranar farko na'ura ta tambaye ka: kai gwani ne ko ɗan koyo? Kowa ya zaɓi nasa, a huta.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, a Damagaram ɗin nan, a gaban yaron shago da mutanen da ke tsaye, wane magidanci ne zai danna cewa shi ɗan koyo ne?

Mai Sakatariya: Baba ka kashe ni da dariya.

Injiniya: Gaskiya ya faɗa, kuma akwai abin da ya fi kunya haɗari. Ɗan damfara zai kira Hajiya ya ce ta ci kyauta, ta danna inda aka rubuta gwani, ya bi da ita mataki mataki har ta buɗe masa ƙofa da hannunta. Yawan tambaya ma ba magani ba ne. Windows Vista ta 2007 ta riƙa tsayar da mutum tana neman izini a kan ƙananan abubuwa, har mutane suka saba danna eh ba tare da karantawa ba, wasu suka kashe abin ɗungurungum. Sai da aka rage a Windows 7. Kun ji Hajiya da bakinta: wanda ya fi haske take dannawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Android tun 2012. Zaɓuɓɓukan masu ƙera manhaja a ɓoye suke, sai ka je ka danna lambar ƙirar manhajar sau 7. Ba wanda zai faɗa ciki bisa kuskure, kuma ba a hana kowa ba, ba a nemi kuɗi ko izinin kamfani ba.

Ɗan Jami'a: Shi ɗin ma ana son taɓa irinsa. A watan Agusta na 2025 Google ya sanar cewa daga Satumba na 2026, a Brazil da Indonesiya da Singafo da Tailan da farko, wayoyin Android masu shaidarsa ba za su karɓi manhajar da ba a tantance mai ita ba, ko daga waje ka ɗauko ta. Sai da gwanaye suka yi ca kamfanin ya ce zai bar wa ƙwararru wata hanya. Da mun yi shiru da shi ke nan. Kuma ba su kaɗai ba, mu ma a Linux an yi: GNOME 3 ta 2011, ɗaya daga cikin fuskokin allon Linux, ta cire maɓallan rage taga da faɗaɗa ta da sunan sauƙi, har Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da kansa ya yi fushi ya koma wata fuskar, Xfce, na wani lokaci. Bambancin, mu wanda bai gamsu ba ya ɗauki tsohuwar ya ci gaba da ita, haka fuskar MATE ta samu. A Windows 8 da aka cire maɓallin Start a 2012, jira kawai mutane suka yi sai da kamfanin ya ga dama.

Malama: Wannan na yarda da shi, ɗana. Ƙorafinku yana da amfani, ku ci gaba da yi. Amma bari in dawo gida. Malam Mai Gyara, tun ɗazu Amurka muke zagi. A garin nan mutum nawa ne ke kunna sabuwar waya da kansa? A shago ake ɓare leda, a shago ake zaɓar harshe, a shago ake buɗe imel, a shago ake sa kod. Kwamfuta kuwa kusan duk hannu na biyu ce, ku kuke zuba mata Windows. Saitin da Hajiya ke rayuwa da shi ba na kamfani ba ne kaɗai, na yaron shago ne. Shi ya buɗe mata asusu bai rubuta mata kalmar sirri ba. Shi ya sa wa rabin unguwa 1234. Shi ya kashe mizajur gaba ɗaya. Ikon da kake cewa a ba gwanaye, a nan yana hannunku tuntuni. Me kuka yi da shi?

Mai Gyara: Kai Malama, yau da wuƙa kika fito. Ba zan ce ba a yi ba. Amma ki zauna a bencin nan ki gani. Mutum zai zo kabu-kabu na jiransa a bakin hanya, ya ce yi sauri. Ka rubuta masa kalmar sirri a takarda, ya naɗe goro da ita. Ka sa masa kod mai wuya, gobe ya dawo ya ce ka lalata masa waya, kuma kyauta zai so gyaran. Ka bar masa mizajur a kunne, forfensa ya ƙare, ya ce kai ka sa masa abin da ke shan mega. Kuma ba wanda ke biyan kuɗin bayani. Kuɗin zuba waƙa da wa'azi ake biya.

Mai Sakatariya: Wannan gaskiya ne. Ni ma kwamfutar da ke haɗe da injin buga takarda ba na bari ta yi mizajur da rana. Ka yi tunani layi ya kai ƙofa, wuta ta dawo ke nan, na'ura ta ce kada a kashe ta tana aiki. Amma ba kashewa nake yi ba, ranar Lahadi nake ware mata.

Injiniya: Naki daidai ne, ke kin san ranar da za ki yi. Wanda aka kashe wa a shago ba shi da Lahadi.

Hajiya: To ni yanzu me za a yi mini? Kun yi ta Turanci da Hausa.

Mai Gyara: Ki aiko ɗiyarki da wayar da littafin da kike rubuta bashi, wanda ba kya yarwa. A bangonsa za mu rubuta imel da kalmar sirri. Zan kunna mai rage cin mega, in hana WhatsApp ɗauko hotuna da kansa, in sa mizajur sai da wifi, in sa madannan Hausa, in ƙara girman rubutu. Kod kuma ke za ki zaɓa, ni zan juya baya.

Malama: Sai da wifi? A ina Hajiya za ta ga wifi? Ka kashe ke nan da wani suna.

Mai Gyara: In ta zo kasuwa ta biyo ta shago, da nawa za a yi. Kada dai ki ce in yi wa duk Birni da Zango haka.

Malama: Zan faɗa, amma ba yau ba. Ni ma ina da tawa damuwar. Tun 14 ga Oktoba na 2025 aka daina tallafa wa Windows 10, kwamfutocin ajina kuma tsofaffi ne, ba su da guntun tsaron TPM 2.0 da Windows 11 ke nema. Ba kuɗin sababbi.

Ɗan Jami'a: Malama, Linux Mint! Zan kawo ta a kile, ana iya gwada ta ba tare da an goge komai ba. Kuma da saitinta na asali zan bar ta, ba zan taɓa komai ba, mu ga ko yaranki za su iya.

Baba Mai Ritaya: Ba Arch ba?

Ɗan Jami'a: Baba, a bar tone-tone.

Mai Sakatariya: In ka gama da su ka biyo ta Sabon Gari da kilen naka. Amma tun yanzu ina gaya maka, in ba ta ga injin buga takardata ba, ko ta watsa mini shafukan memuwar ɗin mutane, kai za ka tsaya ka yi wa masu layi bayani.